Lambar da Kika Bar Mini

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai yake yi wa wanda ya riga shi, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima.

Tun kina firamare na taɓa jin wani direba a kasuwar Gezawa yana cewa wai akwai lambar da duk injinan duniya za su taru a kanta, su tsufa ba su gano lambobin da suka haife ta ba. Dariya na yi. Ni da na ƙare rayuwata a rabon gado, na raba gonar da ba ta kai shimfiɗar tabarma goma ba tsakanin magada tara, a ce mini akwai abin da ba ya rabuwa? Na ce mutumin ya sha rana ne.

Sai ga shi 'yar cikina ta tafi jami'a ta zaɓi wannan aikin. Idan an tambaye ni me kike karantawa, cewa nake yi kina neman iyayen lambobi. Innarki ta ce in daina faɗa, kada a zata aljanu ne.

Kin tuna ranar da muke ɓarar gyaɗa a ƙarƙashin ɗorawa? Kika jera ƙwaya goma sha biyar, layi uku biyar-biyar. Kika jera goma sha uku, ta ƙi zama layi daidai ko ta yaya. Kika ce irin waɗannan ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Na ce ashe har a lissafi akwai masu taurin kai irin kawunki Sale. Kika yi dariya har gyaɗar ta watse.

Da za ki koma, kika ninka masu taurin kai biyu a zuci, kika ba ni abin da suka haifa: dubu uku da ɗari da ashirin da bakwai. Kika ce, "Baba, nemo mini iyayenta kafin in dawo kaka. Ban da waya." Kika kuma nuna mini inda nema yake ƙarewa.

Kaka ta zo, an yanke gero. Ke kuwa a makara aka dawo da ke.

Ban fasa ba, Uwani. Bayan la'asar nakan share ƙasa a ƙofar gida in zauna da tsinke. Na gwada uku, ta ƙi. Bakwai ta ƙi. Ban yi sauri ba. Wata lambar sai in kai mako ina juya ta, kamar ina jin muryarki kina cewa in sake dubawa. Masu wucewa sun ɗauka duba na fara. Wata mata har ta tsaya tambayar akuyarta da ta ɓata.

Yanzu na gama da arba'in da bakwai. Saura hamsin da uku, daga ita babu wata kafin iyakar da kika nuna mini. Na san ita ce. Tun kafin azumi nake share ƙasar, in rubuta lambarki, in ajiye tsinken. In na raba ta, aikin da kika ba ni ya ƙare, kuma babu wanda zan kai wa amsa.

Shi ya sa nake tuna direban nan. Da irin tasa lambar kika ba ni, wadda ba a gamawa, da ina da abin yi har in iske ki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu inda babu sauran rabuwa.

Zancen direba kuwa na daina musu. Na sake jin sa a bakin mutane, ban kula ba, sai daga bakin na ƙarshe. A gadon asibiti ne, hannunta cikin nawa, ta ce, "Baba, da gaske ne fa. Ƙarama na ba ka don ka gama." Ke ce, Uwani.

Naki har kullum,
Babanki