Matan Bulgariya a Kicin Ɗinmu

Daren Laraba, 9 ga Sha'aban, unguwar Harra ta Gabas, birnin Manzo

Yau na ji kunya, kuma na ji daɗinta. Bayan la'asar ina kwance ina mitar ciwon gwiwa, sai na ji muryoyin mata daga kicin, masu kaifi, suna tashi tare, wata tana rangaɗa guɗa a sama. Na rantse waƙar lugude ce irin ta matan gidanmu a Gumel. Na miƙe ko sanda ban ɗauka ba.

Jikata Zainab ce ke yanka albasa, wayarta a bakin taga, daga cikinta muryoyin ke fitowa. Shekara goma sha tara ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci. Na riga na haƙura, harshen nan tare za a binne mu a maƙabartar Baƙi'a.

Na ce, "Amarya, matan wane gari ne waɗannan?"

Ta tuntsire da dariya, ta amsa da Larabcinta: "Ya jaddi," wato kakana, "Bulgariya! Waƙar ƙauyensu ce aka ɗora wa kiɗan zamani."

Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan littattafai, na kasa bambance Turawa da Innata! Kiɗan injin bai yi mini ba, na kuma gaya mata. Amma bakina ya kama waƙar dakan Inna da kansa, ina buga tebur da ludayi biyu kamar taɓare.

Ta kashe wayar. Na ɗauka na ɓata mata rai ne. Sai ta ce da Hausa, karkatacciya amma Hausa: "Kaka, sake. Zan ɗauka, in haɗa da tasu."

Sau huɗu na rera. A na huɗun ita ce ta yi amshi.