Turmin Inna Ya Sake Launi

Abare, Anka

Yaya Saminu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da mutanen gidanka a Ibadan. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, damina kuma ta yi kyau. Amma hankalina ba a kwance yake ba, dalilin wannan takarda ke nan.

Ka san turmin ƙiryar nan da Inna ta gada daga mahaifiyarta. Tun farkon damina cikinsa ya fara yin toka-toka, gindinsa ya tsage. Na ɗauka danshi ne, na shanya shi a rana, na shafa masa man gyaɗa, muka ci gaba da daka. Da abin ya ƙi, na kira Malam Shitu masassaƙi. Ya kankare da wuƙa, ya sunsuna, ya murza a yatsa. Ya ce ruɓewa tana da wari kuma tana sa icce ya yi taushi, gara kuwa tana barin hanya. Wannan iccen lafiyarsa lau, tsakuwa ce ta nutse cikin namansa. Ya ce dutse aka daka a ciki.

Wallahi Yaya, ko zama ban yi ba. Na tsare ƙanenmu Lukman, ya amsa cewa lokacin da muka tafi ta'aziyya Gummi ya daka dutsen zinari a ciki, wai ai ya wanke da sabulu. Sabulu fa! Wata huɗu ke nan muna daka geron furar 'yarka Muhsina a turmin nan.

Shekaranjiya ta yi ta amai da sanƙarewa, muka kai ta asibiti a Anka. Malama Paulina, ma'aikaciyar jinya, ta ce an sami gubar dalma a jininta. An fara magani, amma har yanzu ba ta gane ni ba. Malama Paulina ta ce dalmar daga dutsen zinarin take, kuma turmin ba ya wankuwa, a raba shi da gidan.

Inna ta ƙi. Ta ce turmin uwarta bai taɓa cutar da kowa ba. Na yi roƙo, na yi faɗa, na yi kuka. Maganarka kaɗai take ji, don Allah ka kira ta. Yau da safe ma a cikinsa ta daka geron kunun da za ta kai wa Muhsina asibiti.

Ka gaida Turai da Ridwan. Ka sa yarinyar nan a addu'a.

Ƙanwarka,
Zinatu