Farin Tabo a Bakin Zulai Mai Guɗa

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ce Zulai mai guɗa, ta Kaura Namoda. Harshena ya yi nauyi amma hankalina garau yake. Ƙanena Ladan ke rubutawa, ni ina faɗa daga bayan mayafi, a wagga shekara da aka ba mu jihar Zamfara. Ɗiyana Jaji, Mero da Asabe, ku saurara.

Na ɗaya. Ranar da ta Allah ta kasance, Kulsumu maƙwabciyata kaɗai za ta wanke ni. Kada a buɗe fuskata ga masu gaisuwa. Da bakin nan na ci abinci, daga Shinkafi har Zurmi ba a kai amarya ban rangaɗa ba. Mata kan tambaye ni inda nake sayen furen da nake goge haƙora da shi. Yau jikata ta shigo ɗakina, ta toshe hanci ta fita da gudu. Ba ta yi laifi ba, kada a dake ta. Ni ma kunyar warin nake ji, shi ya sa na daina cin abinci da ku. Ba fushi ba ne.

Na biyu. Jaji, ka je Kasuwar Daji ka ba Maimunatu mai guɗa haƙuri. Kai ne ka tsaya a ƙofar gidanta ka ce ita ta jefe ni don kishin guɗa. Ba ta jefe ni ba. Ciwon ya fara ne da wani farin tabo cikin kumatu, daidai inda nake ajiye taba gari da kanwa tun ina budurwa. Ba ya zafi, ba ya goguwa. Juliana, nas ɗin da ke haya bayan tasha, ita ta hango shi ina dariya, ta matsa har aka kai ni babban asibiti. An yanke shi, ya dawo ya zama sankara. Ina jin nauyin haɗa ido da Maimunatu, ka tafi a madadina.

Na uku. Ɗan naman da likita ya ɗiba a bakina, na bar masa. Ya ce ba kowane farin tabo ke rikiɗa ba, kuma suna bincike kan wani sinadari, furotin, wanda in ya taru da yawa a tabo yana iya nuna wanda zai rikiɗa. Ya ce aikin sabo ne, bai kai tabbas ba. A nawa ya same shi da yawa. Jaji, na san ka ce a karɓo a binne tare da ni. Ban yarda ba. Bakin da nake ɓoye wa mutane, in zai amfani wata, a bar shi ya yi.

Na huɗu. Tasoshina da gadon ƙarfe, malamai su raba yadda shari'a ta ce. Akuyar da ke wurin Mero, na ba ta tun da raina. Battar taba kuwa a jefa ta masai, kada kowa ya gaje ta.

Na biyar, kuma shi ya fi damuna. Asabe, ranar sunan ɗanki kin yi hamma kusa da ni, na ga fari a gefen harshenki. Na kasa faɗa miki, bakina ya yi nauyi a gaban surukanki. Yanzu na faɗa, a gaban kawunki. Kada ki jira kaka, kada ki jira ya yi zafi. Jaji ya kai ki, Mero ta riƙe miki yara. Ki buɗe baki ki bari a duba, ko da namiji ne likitan. In mijinki ya hana, Ladan ya karanta masa wannan.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ku riƙa zuwa gidan juna ba sai an yi rasuwa ba, kada wanda ke ciwo a cikinku ya kwana shi kaɗai. Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri, ya sa in cika da kalmar shahada ko da harshe bai iya furta ta ba. Amin.