Kowane Babi Kofi Ɗaya

Laraba da dare, watan Afrilu

Yau ma babu wuta a Unguwar Rimi, ɗakuna sun yi zafi kamar tanda. Kwana uku ina kai wa Iya, kakar maigidana, ruwa tana ture kofin. Jiya da ta miƙe jiri ya ɗebe ta, na tsorata ƙwarai. Yau na lallaɓa ta da tambaya. Ashe tana gudun ruwan ne don kada fitsari ya karya mata alwala, gwiwoyinta ba sa son zaryar bayi.

Na yi mata alkawarin raka ta duk lokacin da ta so. Sannan na ɗauko littafin da nake karanta mata da rana. Daidai inda budurwar cikin labarin ta buɗe wasiƙar saurayinta, na rufe shi.

"Ke 'yar nan, me ya rubuto mata?"

"Sai kin shanye, Iya. Kowane babi kofi ɗaya."

"Ja'ira! Haka kike juya min jika?"

Ta shanye tas. Kafin magariba mun gama babi huɗu, kuma jirin bai dawo ba. Alhamdu lillahi.

Damuwata ɗaya: babi biyar suka rage, damina kuwa da saura. Gobe sai na aro mai kauri.