Babu Kaset a Cikin Kyamarar Nan, Baba Alhaji

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Iyaye da Malamai ta makarantarmu,
Bagudo, Jihar Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba Alhaji, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan waɗanda suke ƙarƙashinka. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Ni ce Hadiza ta aji biyar, yarinyar da ta ɗauki bidiyo ranar bikin raba kyaututtuka na zangon da ya wuce. Kyamarar da ke hannunka tun daga ranar tawa ce, kuma a kanta nake rubuto wannan takarda.

Ina neman gafara da na manna ta a allon labaran makaranta. Na zo gidanka don in yi maganar da baki. Na durƙusa a zaure na gaishe ka, ka amsa, ka tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, sai na sake gaishe ka na tashi na tafi. Da na koma kuma na tarar da baƙi, su ma na gaishe su. Ga shi maganar ta riga ta zaga gari. A wurin niƙa ana cewa da gangan na yanke maka jawabi, har wasu na cewa sa ni aka yi. Mahaifiyata ta ce tunda bakina ya ƙi buɗewa, in yi abin da aka sa ni makaranta in koya.

Ga yadda abin ya faru, saboda waɗanda ba su halarta ba. Da aka tashi daga biki ka ce in nuna maka jawabinka a ɗan allon kyamarar. Muka ga ka miƙe, ka gyara babbar riga, ka yi sallama, sai hoto ya yanke. Ya dawo kana cewa “saboda haka”, ya sake yankewa. Da ya sake dawowa kana zaune kana shan ruwa. Ka karɓi kyamarar ka ce sauran jawabin yana ciki, kuma ba za ta bar hannunka ba sai an fito da shi. Yanzu na samu labarin ka yi magana da mai gyaran rediyon bakin tasha, zai buɗe ta ranar kasuwa mai zuwa ya ciro kaset ɗin. Ina roƙo ka duba waɗannan bayanai kafin ranar.

1. Babu kaset a cikinta. Ƙanen mahaifiyata, wanda yake fatauci tsakanin nan da tsallaken iyakar Benin, shi ya sayo ta ta hannu a can ya ba ni, da na ci jarrabawar ƙaramar sakandare. Shi ma Kawun ranar da ya kawo ta ya yi ta juya ta yana neman ƙofar kaset, har ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Irin wannan kyamara tana da wani ɗan faifai rufaffe a cikinta, yana juyawa, a kansa take ajiye duk abin da ta gani. In ka kara ta a kunne za ka ji shi yana ɗan kuka kamar sauro. Ba a cire shi, ba a sauya shi, kuma takardar bayanin da ta zo da ita ta ce ko ƙura ce ta shiga wurin ya lalace. Na san mai gyaran rediyo gwani ne, shi ya gyara mana fanka. Amma na ga teburinsa, na ga sukundirebarsa, na kuma ga kwalin da yake zuba abin da ya ragu bayan ya gama gyara.

Hanyar fitar da bidiyo daga cikinta ɗaya ce, wata waya ta musamman da ake haɗawa da kwamfuta. Ba ta zo da wayar ba. Kawu ya kawo wata daga kasuwar Dole Kaina, bakinta bai shiga ba, yanzu da ita ake ɗaure ƙofar akurki. Ya yi alkawarin zai nemo ta gaskiyar a wannan tafiya. Shi ya sa duk wanda na ɗaukar wa suna ko walimar sauka, gidanmu yake zuwa da danginsa a yi cincirindo a kan allon da bai kai tafin hannu ba.

2. Sauran jawabinka ba ya ciki, ranka ya daɗe, domin ba ta ɗauka ba. Kyamarar matsoraciya ce. Waɗanda suka ƙera ta sun sa mata wani abu mai jin girgiza, don in ta suɓuce daga hannu ta tsayar da faifan kafin ta kai ƙasa. Matsalar ita ce ba ta bambance faɗuwa da ƙara mai ƙarfi. Na fara lura da haka ranar da na so in ɗauki mahaifiyata tana dakan fura. Taɓarya na sauka a turmi sai kyamara ta ɗauke, ta fito da wani gargaɗi da jan rubutu. Na kai takardar bayanin wurin malamarmu ta Faransanci, muka bi ta da ƙamus, ta ce lallai haka halinta yake.

Ranar biki ka ce in matso kusa don a ga aikin rigarka. Na matso. Makaɗan da suka rako ka suna bayana, mai babbar ganga har gwiwar hannunsa na taɓa hijabina, lasifika kuma tana gefen kunnena. Kana yin sallama suka saki kiɗa, maroƙinka ya fara jero kakanninka. Kyamara ta ɗauka faɗuwa take yi. Na sake kunna ta, ka ce “saboda haka”, kafin ka ƙarasa cewa za ka gyara rufin aji uku suka sake saki. Na yi ta latsawa har yatsana ya yi zafi. Na so in juya in ce su sassauta. Amma ni da na kasa ce maka komai a zaure babu kowa, ina zan iya tsayar da mai ganga yana tsakiyar yabonka?

3. An ce abin da ya fi ɓata maka rai shi ne jawabin Mataimakinka ya fito cif, tun daga bisimilla har addu'ar rufewa. Gaskiya ne. Ya fito ne saboda babu wanda ya kaɗa masa ko gwangwani, makaɗa sun tafi cin shinkafa. Ina neman afuwarsa, domin shi ma uba ne, kuma maganarsa a kan zuwa makaranta da wuri tana da amfani, na saurare ta duka. Kyamarar nan irin mai fitar da hoto tar ce, ba ta rufa wa kowa asiri. Ta ɗauki ƙudan da ya sauka a hularsa, ta ɗauki manyan baƙin da gyangyaɗi ya kwashe a layin gaba, har da wanda carbinsa ya faɗi. Ban nuna wa kowa wannan wuri ba, kuma ba zan kama suna ba. Abin da nake so jama'a su sani shi ne babu wanda ya sa ni. Duk inda hotonka ya yanke, nan ne mutane suka ji daɗin maganarka.

4. Rubutun cikinta duka da Faransanci ne. Akwai kalmar da ke goge bidiyo ɗaya, akwai wadda ke share faifan gaba ɗaya, kuma suna maƙwabtaka da juna. Ni kaina ban taɓa kusantar su ba. Shi ya sa har yau akwai bidiyon masu ita na farko a ciki, wasu Turawa da suka sa wa karensu hula suna yi masa waƙa. In ka ci karo da shi, ba ni na ɗauka ba, kuma gidanmu ba mu san su ba. An ce mini a majalisarka bayan la'asar ana ta miƙa kyamarar hannu zuwa hannu, kowa na gwada saninsa. Na san da yawa cikin iyayenmu suna jin Faransancin ciniki, amma wannan ba ta san tayi ba, in an latsa an latsa.

5. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro.

Ina da kaka, mahaifiyar babana, muna ce mata Dada. A rugarmu ta wajen Kende take zaune, ta ƙi dawowa gari. Ita kaɗai ta rage da ta san sunayen kakanninmu da hanyar da suka biyo da shanu kafin su tsallako kogi. Ita kaɗai ta iya waƙar tatsa ta gidanmu, wadda ake kiran kowace saniya da sunan uwarta da na kakarta. Babana ya san farkonta ne kawai, in ya kai tsakiya sai ya yi tari ya ce yana da aiki. Ni kuwa Fillancina na gaisuwa ne.

Damina guda na yi ina lallaɓar ta ta yarda in ɗauke ta. Na ɗebo mata ruwa, na wanke ƙore, na yi mata tsifa. Wata safiya ta yarda. Ta ɗaura zanenta na fita, ta zauna a gindin saniyarta, ta yi waƙar tun daga farko har ƙarshe, ta jero sunaye, ta ba da labarin shekarar da ruwa ya ci musu maruƙa. A ruga babu ganga babu lasifika, kyamara ba ta tsaya ba ko sau ɗaya.

Kuskuren shi ne na juya mata allon ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni wace tsohuwa ce wannan da ta ɗaura mata zane. Na ce ita ce. Ta ce madubinta na tare da ita tun ranar da aka kawo ta gidan kakana, bai taɓa yi mata irin wannan rashin kunya ba. Ta ce akwatin nan ya ƙara mata tamoji, ya cire mata haƙoran da ta kwana da su, kuma duk wanda ya ƙera shi ba shi da uwa a gida. Ta rantse ba za ta sake zama a gabansa ba. Dada ba ta karya rantsuwa. Ko da za ta karya, tun sanyin bara numfashinta ba ya kai ta ƙarshen waƙar. Tana farawa, ta tsaya, ta ce saniyar ma ta gaji da ji.

Ranka ya daɗe, jawabinka yana nan a bakinka, Allah ya ƙara maka lafiya, gobe ma za ka iya maimaita shi. Waƙar Dada a wuri ɗaya take cikakkiya, a kan faifan nan da za a sa wa sukundireba ranar kasuwa.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka, cikin girmamawa.

A janye maganar mai gyaran rediyo. In ya riga ya sa rai, muna da tocilan da ta daina kamawa, zan kai masa.

A ajiye kyamarar a kashe, a wuri mai laushi, nesa da majalisa, har a dawo mini da ita. In dawo da ita zai yi maka nauyi, a ba Shugabar makaranta, ni zan karɓa a wurinta.

Ka zaɓi ranar da kake so in zo in sake ɗaukar jawabinka daga farko. Ka sa rigar nan dai, a shimfiɗa darduma a zaure, ka yi shi iya tsawon da kake so, batir zai kai in an yi mata caji. Sharaɗi ɗaya ne, kuma na kyamarar ne: makaɗa su tsaya a bakin titi. In Kawu ya kawo wayar, naka za a fara fitarwa a sa maka a wayarka.

Roƙo na ƙarshe shi ya fi yi mini nauyin faɗa. Na ji labarin shekaranjiya an kawo maka ƙwaryar man shanu daga ruga. Na san ƙwaryar, na san mai ita, na kuma san saƙon da ya biyo ta. Dada ta ji cewa kyamarar na hannun babban mutum kuma za a farke ta, ta yi murna, ta aiko a ce maka Allah ya yi maka albarka, ka sa a farke da kyau kada a bar ko kunnen tsohuwar nan. Baba Alhaji, man nata mai kyau ne, babu irinsa a kasuwa, ka sa a yi maka miya da shi. Amma saƙon kada ka karɓa. Ita fuskar take gani a ciki, mu jikokinta muryar muke so. In ta tambaya, ni zan je in durƙusa in gaya mata da bakina cewa ni na hana. Zagin da za ta yi mini da Fillanci ne, rabinsa ba zan gane ba, sauran kuma zan iya ɗauka.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da haƙuri, ya ba ka ikon gyara rufin aji uku kafin ruwa ya sauka. Allah ya shirya maka zuriya, ya sa ka ga jikokin jikokinka suna neman muryarka. In na yi kuskure a lafazi, a yafe mini, yarinta ce.

Wassalam.

'Yarka mai biyayya,
Hadiza, aji biyar.