Furen da Ba Ya Son Ƙasa

Kaura Namoda

Yaya Ladan,

Assalamu alaikum. Gaisuwa kam na gaishe ka, don haka aka rene mu.

"Je ki abinki, Asiya, ko ganye ɗaya ba zan taɓa ba." Haka ka ce ranar da zan tafi Zurmi jinyar Inna. Na dawo na tarar furen okid ɗina ya ruɓe, kai kuma ka sulale Shinkafi. Furen da ke rayuwa a gawayi da ɓawon kwakwa, shi ka binne a ƙasa da takin tumaki, har da huɗa, sai ka ce dawa! Tun daga Jos na rungumo shi a cinya, na yi shekaru ina jiran ya buɗe. Na ba ka ɗaki, na ba ka tuwo, aikin da na roƙe ka kawai shi ne ka zauna. Tunda an datse layukan waya, ga takarda ta hannun Kamalu direba.

Ƙanwarka,
Asiya

Shinkafi

Malama Asiya,

Wa alaikumus salam. Ya jikin Inna? Allah shi ƙara sauƙi.

Laifina ne. Saiwoyinsa na gani a waje, farare, suna lilo, sai na ɗauka wahala yake sha. Tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga Galadi hannuna bai taɓa ƙasa ba sai ran nan, kuma wallahi na ji daɗi. Da ya fara baƙi na kasa tsayawa mu haɗa ido.

Gaskiyarki, zama ne ban iya ba. Geron da na baro ya isa yanka. Ranar Alhamis in kasuwa ta tashi zan bi masu babur in koma. Ki yafe mini.

Yayanki,
Ladan

Kaura Namoda

Yaya,

Salamu alaikum.

Tun da Kamalu ya miƙo mini takardarka na kasa kallon tukwanen furannin nan. Na san ruwan da kowane ganye ke sha, na san mai son inuwa, amma yayana ya yi damina guda a zaurena yana kallon bango ban tambaye shi me ke cinsa ba. Har tuwo na goranta maka. Allah ya sa Inna ba ta ji ba.

Na kwashe furannin bayan gida kaf, na raba wa malaman makarantarmu. Filin nan naka ne. Na sayo fartanya, ka zuba takin da ka ga dama.

Har yanzu ina fushi, kada ka yi zaton na huce. Amma in ba ka biyo Kamalu ranar Laraba ba, Alhamis za ka same ni a tashar babura ta Shinkafi da jakata. In Galadin ce, ka goya ni mu tafi tare, sai ka san abin da za ka faɗa wa Inna.

Ka huta lafiya.
Asiya