Na sallami mai farfaɗiya, ya kai ni ƙara

Hajiya Sahadatu, don Allah ki cece ni, mutuncina zai zube. Ina da shagon ɗinki a Maamobi, shekara ashirin ban taɓa taka ofishin hukuma ba. Akwai wani Tajudeen da ke mini surfani, kaf Maamobi da maƙwabciyarta Nima babu hannu irin nasa. Ran nan muna cikin aiki ya yanke jiki ya faɗi, ashe farfaɗiya gare shi. Na yi masa duk abin da ya dace: na kwara masa ruwa, na cusa masa cokali a baki har haƙori ya ɗan gutsure. Cokalin a kwata na jefa, ko gori ban yi masa ba. Washegari na ware masa kofi da kwano, don kowa ya san ta miyau ake ɗauka. Da sauran teloli suka fara ɗari-ɗari sai na sallame shi cikin mutunci. Kuma ban yada shi ba, har yau ina aika masa riguna gida a ɓoye yana yi. Sakayyata? Ya kai ni hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, wai na nuna masa bambanci. Ga takarda sun aiko, ga Sallah saura mako uku, rigunan alhazai tara suna hannunsa. Ina laifina?

Mai shago, Maamobi

Maigida, sannu da wannan tarin alheri. Amma ka ɗaure mini kai: ciwon da ke kama mutum ta kofi, ya aka yi yake jin kunyar rigunan alhazai?

Tsoron nan da shi aka raine mu, ban ga baƙinka ba, sai dai ba gaskiya ba ne. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗauka, kuma magani na lafar da ita. In ta tashi, a janye almakashi da dutsen guga, a kwantar da shi ta gefe, a bar bakinsa lafiya.

Dokar Ghana ta hana ware ma'aikaci saboda nakasa. Ko ciwon Tajudeen ya shiga ciki, hukumar ce za ta duba, amma wanda kai da kanka kake roƙo ya yi maka aiki, da wane baki za ka ce bai iya ba?

Ka amsa kiransu. Kafin ranar, ka je gidansa da ƙafarka, ka ba shi haƙuri, ka kai shi a gyara haƙorin, ka mayar da shi kan kekensa. Ka hanzarta tun bai gane cewa shi zai iya buɗe shago ba tare da kai ba.

Allah Ya ba shi lafiya, kai kuma Ya sa ka tarar bai yanke ƙauna da kai gaba ɗaya ba.

Hajiya Sahadatu